Hancin Dda Bihi da Kaskon Lalla Ijja

Duk wanda ya taɓa kwana a Tafrawut cikin watannin sanyi ya san Dda Bihi ba ya komawa gado bayan sallar asuba, kuma ba ya buɗe garejinsa. Shayi yake sha kofi biyu, ya dangwali burodi da man argan, wata bishiya ta ƙasarmu, sannan ya ɗauki tsohon kekensa ya gangara filin dabino da ke bayan gari, inda motocin gida, masu gado da wurin girki a ciki, suke sauka. Idan ya isa sai ya sauko ya riƙa jan keken a hankali, kansa a sunkuye kamar mai cigiyar allura. Yakan bi layin motocin ɗaya bayan ɗaya, na tsofaffin Turawan da sanyi ya koro da na mutanenmu da suka tsufa a wurin aiki a ƙasar Turawan, yana duban ƙasan kowace, hancinsa yana aiki. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu a kan wannan zagayen. Shekara talatin da huɗu yana yi.

Ni Hmad, mai kai musu burodi a babur, shekara ashirin ina binsa a baya, kuma in faɗi gaskiya rabin shekarun nan dariya nake masa. Nakan ce, "Dda, me ka yar ne yau ma?" Ya ce, "Hankalinka nake nema, har yanzu ban tsinta ba." A gari, in aka ajiye Dda ɗin da muke girmama babba da shi, ana kiransa Bihi mai hanci. Wasu suna faɗa da ƙauna, wasu da haushi, domin mutum ne da ba a yi masa gaggawa. Ni kaina ya taɓa riƙe mini tankin babur kwana biyar a kan ɗigon da bai kai hawaye ba, na yi ta rabon burodi a ƙafa ina tsine masa a zuci. Wani Bajamushe ya taɓa yi masa ihu a gaban jama'a, ya ce makanike ne ko boka, da yake shinshina mota maimakon ya gyara ta. Da aka sauke tankin aka ga tiyon ya tsage tsawon yatsa, Bajamushen ya dawo da kwalin dabino yana ta sunkuyar da kai.

Makon jiya Dda Bihi ya miƙa makullin garejin ga tsohon abokin aikinsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da ban saba riƙe alƙalami ba sai kwandon burodi. Abu guda nake so in ba da labari, wanda na gani da idona, don kada ya bi mu kabari.

Shekara shida ke nan, a watan Fabrairu, lokacin da itatuwan lauz, waɗanda ake cin ƙwayar 'ya'yansu, suke fure. Wata tsohuwar motar gida mai lambar Beljiyam ta sauka a ƙarshen layi da yamma. Ba mu san su ba sai daga baya. A cikinta akwai Si Mbark, mutumin Tawrirt da ke can saman dutse, wanda ya yi shekara arba'in a masana'anta a ƙasar waje har ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya iya zama, sai kwanciya, maganarsa ma da kyar take fita. Likitoci sun gaya wa iyalinsa abin da likitoci kan faɗa idan sun gama nasu. Shi kuwa buri ɗaya ya rage masa, ya ga itatuwan mahaifinsa suna fure, da ransa. Ya kuma rantse ba zai shiga Tawrirt a motar asibiti ba, domin duk abokansa da suka tafi tare a motar asibiti aka dawo da su, cikin akwati. Sai 'yarsa Yamna ta sayi wannan tsohuwar mota mai gado, ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta tuƙo shi da mahaifiyarta Lalla Ijja (Lalla muke ce wa kowace dattijuwa) tun daga can, suka tsallako teku. Saura musu tafiyar awa biyu ta hawan dutse, yamma ta yi musu a wurinmu.

Da safe, saura mota uku Dda Bihi ya kai gare su, sai ya tsaya cak. Ya gaya mini daga baya cewa fetur ne ya doke shi a hanci, mai yawa, sabon zuba. Ya ƙara taku kaɗan ya leƙa, sai ya ga yashin ƙarƙashin motar ya yi baƙi, tankin yana ɗiga ɗis, ɗis, jiƙar ta riga ta miƙo har wajen taya. Yana ɗaga kai ya hango wata dattijuwa cikin baƙin mayafi tana tahowa daga bayan dutse, riƙe da kaskon turare cike da garwashi, tana hura shi da baki. Tsakaninta da motar bai fi taku goma ba.

Ni da ni ne, ihu zan kurma, kuma da yanzu wani ne yake rubuta labarina. Dda Bihi ya san tsohuwar da aka yi wa ihu sakin abin hannunta take yi, garwashi kuma ba ya faɗuwa wuri ɗaya. Sai ya jingine kekensa, ya gyara rawani, ya shiga tsakaninta da motar yana murmushi.

"Salamu alaikum, Lalla. Wannan jawul na ina ne? Rabona da jin irinsa tun rasuwar mahaifiyata."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wa alaikumus salam. Na Makka ne. Ba ni hanya, bawan Allah, garwashina zai mutu."

"Wallahi ba za ki wuce da shi ba sai kin sam mini. Jallabiyar nan tawa warin gareji take yi, har uwargida ta ce in riƙa cin abinci a waje."

"Kai, ba ka da kunya? Tsoho da kai kana tare matan mutane da sassafe?"

"Kunyar ta ƙare tun ina yaro, Lalla. Miƙo nan, in shaƙa sau ɗaya."

Kafin ta ba da amsa ya sa hannu biyu ya karɓe kaskon. Ita da tsumma ta riƙe shi, shi kuwa da tafin hannu ya rungumi yumɓun da ya gasu. Ya juya ya nufi inda iska take fitowa, yana tafiya a natse kamar mai ɗauke da madara a faranti, ita kuma tana binsa tana zazzaga masa masifa. A daidai nan na iso. Bai ko kalle ni ba ya ce, "Hmad, kashe babur ɗin nan. A nan inda kake. Kada ka ƙara taku ɗaya da shi." Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, don haka na kashe. Sai da ya yi taku arba'in sannan ya kife kaskon a wani rami, ya ture masa yashi da ƙafa har hayaƙin ya ɗauke.

Lalla Ijja ta dafe kai. "Jawul ɗin da 'yar'uwata ta kawo mini daga aikin hajji! Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Na yarda, Lalla. Wa ke cikin motar?"

"Maigidana mana. Ba ya tashi."

A ranar na ga Dda Bihi yana gudu, ban taɓa gani ba kafin nan, ban kuma sake gani ba. Firij ɗin irin waɗannan motoci da gas yake aiki, akwai 'yar wuta da take ci a bayansa dare da rana. Ya fizge murfin gefe ya murɗe kan tukunyar gas da hannuwansa da suka riga suka tashi. Sannan ya kira ni da wasu maƙwabta biyu, ya ce kada wanda ya taɓa makunnin fitila ko makullin mota. Muka shiga muka ɗauko Si Mbark a cikin bargo, mu huɗu. Warin da ke cikin ɗakin nan ya sa ni jiri. Tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan, leɓɓansa sun yi fari, idanunsa sun kaɗa.

Da muka shimfiɗe shi a inuwar dabino, nesa, sai Lalla Ijja ta yi mana bayani, har lokacin tana huci. Tun daga Tiznit, inda suka cika tanki, mijin nata yake ciwon kai da amai, shi ya sa ma Yamna ta shiga gari neman magani. Ita kuma ta san dalili. Duk inda suka tsaya mutane sai leƙe suke, suna cewa kai, wannan 'ya ta yi abin kirki, babu mai cewa tubarkalla. Bakin mutane ne ya kama su. Niyyarta ta zagaya motar sau uku da turare, sannan ta tura kaskon ƙarƙashinta, daidai saitin gadon, don hayaƙin ya ratsa shi.

Dda Bihi ya ce, "Warin fa, Lalla? Ba ki ji ba?"

"Mota ce, dole ta yi warin mota. Shekara arba'in mijina yana dawowa gida da irin warin nan, da turare nake korarsa."

Bai yi mata gardama ba. Ya ce ta zo ta gani. Ya kai ta gefen motar, ya nuna mata baƙin yashin, ya nuna mata inda take shirin ajiye kaskon. Wuri ɗaya ne. Ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a ƙasa daɓas, tana maimaita alhamdu lillahi har muryarta ta dushe.

Ga duk wanda ya ji labarin a gari, a nan ya ƙare. A wurin Dda Bihi kuwa a nan wahalar ta fara.

Yamna ta dawo da magani ta tarar da mahaifinta a ƙarƙashin dabino, motarta kuma maza suna tura ta da hannu zuwa gareji. Da ta gane abin da ya faru ta sumbaci kan Dda Bihi tana kuka. Sannan ta share ido ta tambayi abin da kowa yake tambaya.

"Dda, yaushe za mu tashi?"

"Kwana uku, in sha Allahu."

"Uku? Wani ya ce mini akwai mai walda a bakin kasuwa, awa ɗaya ya gama, ko sauke tankin ba sai an yi ba."

"Akwai shi. Ki je ki tambaye shi ina girarsa ta hagu ta tafi."

"Dda, ba wasa nake ba. Ka ga Babana kuwa?"

"Na gan shi, 'yata, ni na riƙe ƙafafunsa. Saurara. Tankin da aka juye fetur ɗinsa ya fi cikakke haɗari, don tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Sai warin ya mutu gaba ɗaya zan taɓa shi. In kina so a nema muku motar asibiti yanzu, la'asar a Tawrirt za ta yi muku."

Duk muka waiwaya wurin Si Mbark. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kaɗa yatsa, a'a. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin kalma ta fito: "Tawa." Motarsa yake nufi.

Aka kai shi gidan Dda Bihi, aka kwantar da shi a ɗakin baƙi. Mammas, matar Dda Bihi, ta dama masa kunun sha'ir, ta shafa wa mijinta zuma a tafin hannu ta naɗe da ƙyalle tana ce masa tsohon banza mai ɗaukar wuta da hannu. Da waɗannan naɗaɗɗun hannuwa ya zuƙe fetur ɗin da famfon hannu zuwa duro, ya kwance ɗamarar ƙarfen da ta riƙe tankin, ya sauke shi. Tsatsa ce ta ci shi a ƙarƙashin ɗamarar, aikin gishirin da suke watsa wa tituna a can idan ƙanƙara ta zuba, duwatsun hanyarmu kuma suka ƙarasa huda shi. Ya wanke cikinsa da ruwan zafi da sabulu, ya juye, ya sake, ban san sau nawa ba. Ya shanya shi a rana baki buɗe. Bayan kowane wanki sai ya durƙusa ya kai hanci bakin tankin, ya lumshe ido, ya ce, "Da saura."

Ran kwana na biyu iska ta taso daga yamma, irin wadda take kakkaɓe fure. A ranar kuma zazzaɓi ya rufe Si Mbark, ko kunun bai iya haɗiya ba. Yamna ta zo gareji da la'asar ta tarar da Dda Bihi a durƙushe yana shinshina tanki.

"Ni ban ji warin komai ba," in ji ta.

"Ni na ji."

"Na ratso ƙasa uku da shi. Saura awa biyu. In ya mutu a ɗakinka saboda hancinka, kai da Allah."

"Ni da Allah," ya ce, ya sake ɗebo ruwan zafi.

Ban ga laifinta ba, kuma in ba ku raina ni ba, a ranar ina bayanta. Na ce masa, "Dda, ɗan saura ne fa." Ya ce in tafi in sayar da burodina. Mammas ce ta gaya mini cewa ranar bai ci komai ba, ya je ƙofar ɗakin baƙin ya fi sau goma yana sauraron numfashin tsohon, bai shiga ba.

Da hantsin kwana na uku ya kai hanci, ya daɗe, ya ce, "Sabulu kawai." Ko a nan bai yarda harshen wuta ya kusanci tankin ba. Ya hura gawayi a can bayan katanga, ya sa ƙarfen tagullarsa a ciki. In ya yi zafi sai ya ɗauko shi ya tako taku talatin zuwa tanki, ya narka dalma a gefen facin da ya ɗora a kan hujin, ƙarfen ya huce, ya koma. Haka ya yi ta kai da kawowa har azahar. Sannan ya cika tankin da ruwa, ya ɗora shi a kan busasshiyar takardar siminti, muka zauna mu uku, ni da shi da Yamna, muna kallon takarda kamar marasa aikin yi. Awa guda, ko tabo babu. Yamna ta yi wata ajiyar zuciya da na ji ta har cikin ƙirjina.

Ya busar da tankin, ya mayar da shi da sabuwar ɗamara, ya sa robar tsohuwar taya a tsakani don ƙarfe ya daina cin ƙarfe. Zazzaɓin Si Mbark ya ɗan sauka. Aka mayar da shi gadonsa, Dda Bihi ya shiga gaba kusa da Yamna, ni kuma na bi su a babur, domin Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Sau biyu ya sa ta tsaya a kan hanya, ya rarrafa ƙarƙashin motar ya shinshina, ya fito ya ce, "Mu je."

Rana tana shirin faɗuwa muka shiga Tawrirt. Iska ta kwashe rabin furen, amma rabi yana nan, fari da ruwan hoda, tun daga bakin hanya har gindin masallaci. Yamna ta tsaya a gefen gonar kakanta ta buɗe ƙofar gefe. Mutanen ƙauye suka fito suna tambayar motar wa ce, don ba su saba ganin na waje ya dawo a irin wannan ba. Si Mbark ya kalli itatuwan ya daɗe, furen yana faɗowa a kan bargonsa. Wani tsoho sa'ansa ya leƙo ya ce, "Mbark? Kai ne da ranka?" Ya ce, a fili yadda kowa ya ji, "Da raina." Lalla Ijja ta rangaɗa guɗa, matan ƙauye suka amsa mata. Ni dai na juya baya na ce ƙura ce ta shiga mini ido. Si Mbark bai rasu a wannan shekarar ba, sai da ya ga fure sau biyu bayan nan, kuma a ƙarƙashin ƙasar ƙauyensu yake kwance.

Dda Bihi, kai ne ka karɓi wuta da tafin hannu kana murmushi don kada tsohuwa ta firgita. Kai ne aka haɗa ka da Allah a gaban garejinka, ka ce ka ji, ka ci gaba da wanke tanki. Mu da muka yi ta maka dariya muna iya ƙirga motocin da ka gyara, amma waɗanda ba su ƙone ba saboda zagayenka na safe, waɗannan babu mai lissafinsu, don ba su zama labari ba.

Abin da ya sa ya ajiye aiki ni na fara saninsa. A sanyin bana mura mai tsanani ta kwantar da shi. Ya warke, ya koma zagayensa. Wata safiya ina binsa a baya sai na ji warin fetur a gindin wata mota da ya riga ya wuce. Na kira shi. Ya dawo ya durƙusa, ya dangwali yashin da yatsa, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Hmad, ba na ji." Mutane sun yi ta lallashinsa cewa ai idonsa garau yake, hannunsa ma haka. Ya ce ba zai kai ƙarfe mai zafi jikin tankin da wani ne ya shinshina masa ba.

Ranar Juma'a aka yi masa kuskus ɗin bankwana a farfajiyar garejin. Ana cikin ci sai ga Lalla Ijja ta sauko daga Tawrirt, Yamna na riƙe da ita, da kasko a hannu, babu wuta. Sai da ta zagaya garejin tana shinshina lungu-lungu, sannan ta ce ba ta yarda da wurin ba, kowa ya fito titi. A can ta sa aka zuba garwashi, ta kwance bakin mayafinta ta fito da ragowar jawul ɗin.

"Tsoho mara kunya, zo nan. Shekara shida da suka wuce ka roƙe ni turare, na ba ka ka binne mini a yashi. Ga naka yau."

Ta zagaya shi sau uku. Ya sunkuya ya janyo hayaƙin zuwa fuskarsa da tafukan nan masu tabo.

"Yaya ka ji?"

"Na Makka ne, Lalla, babu tantama."

Duk wanda yake tsaye a wurin ya san ba ya jin komai. Ita ma ta sani, domin Yamna ta gaya mata. Ta ce, "To ƙara shaƙa," ta ƙara masa wani a wutar.

Mun gode, Dda Bihi. Allah ya saka, ya sanyaya maka waɗannan hannuwa a ranar da kowa yake neman inuwa. Ku kuma masu sifana da ƙarfen walda a garin nan da sauran garuruwa, idan mai mota ya tsaya muku a ka yana duba agogo, ku tuna akwai wanda ya ce da saura alhali ana kuka a gabansa. Ni ban iya kwance ko kusa ɗaya ba, amma hancina lafiyarsa lau. Tun ranar Asabar, in na iso filin dabino nakan kashe babur in riƙa jansa a hankali, kaina a sunkuye. Burodin yana isa a ɗan huce, wasu har sun fara tambayata me na yar.